Bindigar Baba Alcide

"Wannan ba tawa ba ce," in ji Baba Alcide, yana ture bindigar da aka ajiye masa a kan tebur.

Jami'in ofishin 'yan sandan ya duba takardarsa. "Lambar ta yi daidai, Baba."

"Lamba ta yi daidai, to ina bindigar? Wannan ai tsatsa ce aka ɗaura wa itace."

Ina tsaye bayan keken da nake tura shi a kai, riƙe da tukunyar iskar da yake shaƙa. Ni na kawo shi, don likita ya hana shi tuƙi. Shingen katako ne kawai tsakanin gidana da nasa a gefen birnin New Orleans, shekara ashirin da shida.

Shekara uku kafin wannan rana guguwa ta fasa madatsar ruwa, unguwarmu ta nutse. Baba Alcide ya ƙi barin gari. Da kwalekwalensa na kamun kifi ya sauko da mutum goma sha ɗaya daga kan rufi, har da ni da mahaifiyata. Bayan kwana tara, babu wuta babu waya, sai ga masu kaki suna bi gida-gida, wai an ce kowa ya miƙa makami. Suka tambaye shi, bai ɓoye ba, ya ce yana da bindigar mahaifinsa, mai baki biyu. Suka ɗauke, ko 'yar takardar shaida ba su ba shi ba. Washegari da rana tsaka wasu ƙatti biyu suka shigo suka kwance injin kwalekwalen, yana zaune yana kallo.

Daga nan bai huta ba. Ya yi ta rubuta wasiƙu, har Baton Rouge, babban birnin jihar, ya je da kwat ɗin aurensa ya yi magana gaban 'yan majalisa. An yi dokar da ta hana ƙwace wa mutane makami a lokacin bala'i, amma tasa ba ta dawo ba sai yanzu.

Ni kuwa ba na ko son ganin bindiga. Harsashi ne ya kashe ƙanena Lucien a bakin shago, yana da shekara goma sha tara. Mun sha tafka gardama ta saman shinge.

"Da za a tattara su duka a watsa a kogi, da rawa zan taka," nakan ce.

"To ki je majalisa, Odile, ki sa a yi doka. In an yi, da hannuna zan miƙa ina zaginki. Amma ba ranar da ruwa ya ci gari, ka kira ba mai amsawa, sannan a zo a kwance maka hannu ba."

"Kai dai taurin kai."

"Taurin kan ne ya sauko da ke daga kan rufi, 'yar nan."

A ofishin ya daɗe yana kallon bindigar. Can ya juya gindin, ya shafa wani wuri da babban yatsa, inda aka ƙwarzane haruffa biyu da wuƙa. Haruffan farkon sunan mahaifinsa ne. Sai ya sa hannu a takarda, ya ɗora bindigar a cinya har muka iso gida.

Kullum da hantsi yakan shimfiɗa jarida a baranda, ya warware bindigar, yana gogewa da mai da tsumma. A mako na biyu ƙarfin hannunsa ya ragu, ƙusa ta riƙa faɗuwa.

"Odile, zo ki riƙe mini nan."

"Ka san ba na taɓawa."

"Na sani. Ba zan ƙara roƙo ba."

Na tsaya ina kallonsa yana kokawa da ita, numfashinsa na fita da ƙyar. Na hau barandar na riƙe. Ta fi nauyin da na zata, ga sanyi.

"Ba za ta sake tashi ba fa," na ce.

"Ni ma haka," ya yi dariya har tari ya kama shi. "Ki ba 'yata Celestine in ta zo daga Houston. Ta kakanta ce. In ta ga dama ta jefa a kogin naki, amma ita za ta yanke."

Ranar Litinin na dafa shinkafa da jan wake, na zuba masa a kwano na kai masa. Na tarar da shi a kujerarsa, kansa ya karkata gefe, bakinsa a ɗan buɗe. Na kira sunansa sau biyu. Na taɓa wuyansa, sannan na rufe masa ido, na kashe tukunyar iskar da ke ta huci ita kaɗai.

Na buga wa 'yarsa waya, na kira motar asibiti na ce ba sai sun yi sauri ba. Sannan na jawo ɗaya kujerar na zauna kusa da shi. Can ƙasan titi wani yana kafa sabon rufi, ana jin gudumarsa. Tururi na tashi daga kwanon abincin a kan cinyata, har ya daina.