Katunan Tukazban

Matata Tukazban ta rasu ta bar wani littafi mai baƙin bango a ƙasan akwatin barguna. Da haruffan Larabci ta rubuta shi, waɗanda kakanta ya koya mata a ɓoye. Ni kuwa aji huɗu na yi, haruffan Rasha kaɗai na iya. Shekara shida ina buɗe shi ina kallon layukan kamar sawun tsuntsu a bakin kogin Kura. Abu ɗaya nake son sani: ko ni ma ina cikinsa.

A kakar bara wata malamar jami'a mai suna Ruhangiz ta zo daga Baku, babban birninmu, tana neman waƙoƙin matan da suka yi tsinkar auduga a gandun gwamnati. Na miƙa mata littafin. Kwana uku tana zaune a kan dardumarmu, tana kwafe kowane baiti a kati, tana jera katunan tsibi-tsibi.

"'Yata, wannan duba ne ko karta?" na tambaye ta.

Ta yi dariya. "Kawu Balakishi, ilimin zaman jama'a ne. Mace ɗaya ba don kanta take waƙa ba. Bakin dukan mata irinta ne, talakawan da aka mora. Ga tsibin aiki, ga na 'ya'yan da suka mutu, ga na hukuma."

"To, na maza fa?"

"Ga shi. Yayanta da bai dawo daga yaƙi ba, sai shugaban gandu mai ashar."

"Shi ke nan?"

"Shayinka ya huce, Kawu."

Na hango wasu katuna kaɗan da ta danne da kwalbar zuma, can gefe. Na ce waɗannan fa? Ta ce ragowa ne, ba su dace da kowane tsibi ba, ba su nuna komai game da al'umma, don haka ba za su shiga littafinta ba.

"Karanta mini ragowar."

"Ba su da daɗi."

"Haƙorana sun zube, 'yata, ba na zaɓen abinci."

Ta ɗauki na farko ba ta dube ni ba. Yana maganar wani mutum da ke tsayawa tsakiyar gona yana ƙirga shamuwa, buhunsa fayau, Tukazban ce ke cika masa. Na biyu, mutumin ya yi tafiyar yini guda don ya ga ɗan maraƙi mai kai biyu, ranar da take naƙuda. Na tuna maraƙin sarai, har da farin tabon goshinsa na hagu. Ranar kuwa, na kasa tuna wa ya kira ungozoma.

Na bakwai, na ƙarshe, gajere ne. Tukazban ta ce da a ce an haife ta da fiffike ko da yatsa shida, da mijinta ya dube ta.

Ruhangiz ta tattara sauran katunan ta ɗaure da zare. Ta ce, "Kawu, duk mazan zamanin haka suke, tsarin ne ya..."

"A'a. Sauran mazan ba su je ganin maraƙi ba."

Na roƙe ta ta juya mini bakwai ɗin zuwa haruffan Rasha, manya-manya. Ta yi, ta kama motar Baku. Na zauna a gindin bishiyar rumman, na ɗora yatsa a kan harafin farko, na fara haɗawa a hankali.