Haƙoran Ƙarfe a Faranti

Tun daga bakin gareji Inna ta hango motarsu a ɗage bisa duwatsu, an zare mata akwatin giya, an baje kayan cikinsa a kan wani tsohon buhu. Wannan wuri na mijinta ne. Har gobe Maigareji ake kiransa, duk da cewa tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi bai ƙara taka ƙofar ba. Bahago, wanda ya koyi aiki a hannunsa har furfura ta soma tsiro masa, shi ne ke riƙe da garejin yanzu.

Ba don ƙawa Inna take bibiyar motar ba. Lungunsu matsattse ne, babu ɗan haya da ke yarda ya cusa kan motarsa ciki, sai wannan 'yar ƙaramar ce kawai take iya isa ƙofar gida. Da ita Inna take kai mijinta asibitin da ake motsa masa gaɓoɓi, ana kuma koya masa magana, domin shi ya koya mata tuƙi lokacin yana da lafiya. Likita ta gaya mata ƙarara cewa in aka yi sakaci a wannan tsakanin, hannu da harshe za su daskare a yadda suke. Shi kuwa Maigareji ya ƙi yarda a ciccibe shi zuwa bakin titi a kan idon maƙwabta. Ranar da aka gwada, ƙafar gado ya riƙe da hannunsa mai lafiya har aka haƙura. Tun da giya ta fara gurnani tana fita da kanta, daga bisani ta ƙi shiga gaba ɗaya, bai ƙara ganin likita ba.

"Inna, da kanki?" in ji Bahago, yana goge mata benci da tsumman da ya fi bencin datti. "Ai da kin aiko."

"Na gaji da aike, Bahago. Kullum sai a ce mini gobe. Gaya mini gaskiya, me ke damunta?"

Ya durƙusa gaban buhun, ya ɗauko wani zoben tagulla da haƙoransa suka cinye, ya ɗora mata a tafin hannu. Ya ce wannan ne ke sa giya ta shiga a hankali ba tare da ƙara ba, kuma gano cewa ya mutu bai ba shi wahala ba. Wahalar ita ce samun irinsa. Ya zaga masu sayar da kayan gyara da masu kwance tsofaffin motoci. Duk wanda ya kawo, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

"Abin da ke cikin akwatin nan ba na motar nan ba ne. Maigida ne ya haɗa shi da hannunsa, ya ciro nan, ya ciro can. Ban ma san daga waɗanne motoci ba."

Mai walda, wanda ke aiki a gefe, ya ɗage gilashinsa. "Inna, motar nan fa ubanninta sun yi yawa. Ko kamfanin da ya ƙera ta ya gan ta, sai ya tambaye ta 'yar gidan wa ce."

Ta murmusa don kada ta kunyata shi. "To, a sayo wani akwatin ɗungurungum mana."

"Ba zai zauna ba," in ji Bahago. "Har mazauninsa Maigida ya sauya. Kin san halinsa, in yana irin wannan aikin korar mu yake yi, ya ce idonmu na sa noti ya kwance."

Ta san halin. Ta tuna ranakun da yake dawowa da baƙin mai har gwiwar hannu, yana cewa ya yi wa motar abin da ba wanda zai iya sai shi. A lokacin dariya take yi.

Ta juya zoben a hannunta. Tun kwanciyarsa ya hana kowa daga gareji ya shiga ɗakinsa. A zaure suke gaisuwa su juya. Ta san za ta ɓata masa rai. Ta yi bisimilla a zuciyarta, ta ce, "Tattara ƙarafan nan. Mai su yana nan da ransa."

Bayan la'asar Bahago ya iso, ya wanke ƙarafan tas da kalanzir. Inna ta rasa inda za a ɗora su, sai ta ɗauko babban farantin da take kai wa mijinta abinci. Da suka shiga, Maigareji ya kawar da kai wajen bango, ya ja mayafi ya rufe shanyayyen hannunsa.

"Malam, ka yi mini aikin gafara," ta ce a hankali. "Ba dubiya ya zo ba. Aiki ne ya gagare shi."

Bahago ya zauna a ƙasa. "Maigida, ka sha cewa kaina na katako ne. To, yau na yarda."

Warin kalanzir ya cika ɗakin. Can Maigareji ya juyo. Idanunsa suka sauka a kan farantin, sai Inna ta ga wani haske a cikinsu da ta manta da shi. Ya miƙa hannun hagu, ya ture wannan, ya jawo wancan, ya jera su bi da bi ba tare da kuskure ba. Ya ɗauki zoben, ya ƙwanƙwasa shi a bakin faranti, ya dubi Bahago. Babu shakka ya san komai. Ya buɗe baki.

"Sannu," ya ce.

Ita ce kalma ɗaya tak da ciwon ya bar masa. Da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa.

"Yauwa, Maigida. Na wace mota ne?"

Jijiyoyin wuyansa suka tashi. "Sannu. Sannu."

Bahago ya shiga jero masa sunayen motoci, ya ce in ya faɗi daidai ya gyaɗa kai. Maigareji ya gyaɗa wa ta farko, ya gyaɗa wa ta biyu, sannan ya girgiza kai da ƙarfi kamar kalmomin sun cakuɗe masa a kunne. Inna ta sa masa alli a hannu, ta riƙe masa murfin kwali. Ya ja layi, layin ya karkace ya sauka a kan mayafi. Ya saki allin. Hawaye ya gangaro ta ɓangaren fuskar da ba ya motsi, ta sa gefen gyalenta ta share.

Bahago ya daɗe yana kallon ƙarafan. Sannan ya ɗago.

"Maigida, giyar nan ta fi ƙarfina, ba zan yi maka ƙarya ba. Zan ci gaba da nema, amma ban san ranar samu ba. Sai dai bayana lafiyarsa lau. Na ɗauki injin ma da kake yi mini tsawa a kansa, balle kai da Inna ta ce ba ka cin abinci."

Maigareji ya rufe ido. Bai ce ko sannun ba.

Washegari da hantsi Inna ta shirya shi, ba ta san ko zai yarda ba. Ɗan haya na jira a bakin titi yana danna oda. Bahago ya shigo sanye da riga mai tsabta, ya juya baya, ya durƙusa a gaban gadon. Inna ta tsaya riƙe da takalman mijinta, leɓɓanta na motsi da addu'a. Ta ga hannun hagun ya nufi ƙafar gado, ya tsaya a hanya, sannan a hankali ya tashi ya zagaye wuyan Bahago.

A lungu, mata biyu da ke shara suka sunkuyar da kai ga tsintsiyoyinsu, mai shago ya juya yana gyara kayan da ba su buƙatar gyara. Inna na biye, tana tallafe da ƙafar da ke lilo don kada ta ja ƙasa. Sai da suka kusa titi ta lura cewa hannun da ke wuyan Bahago a dunƙule yake, gefen zoben tagullar na leƙowa daga tsakanin yatsunsa.