Bencin Baya

Babana magini ne, shi aka ba aikin ɗakin mawaƙa na cocinmu. Ya gaya wa dattawan ikilisiya kada a ɗora rufi sai bango ya sha ruwa ya kama jikinsa. Babban dattijo, mutumin da ko tari ya yi sai an ce amin, ya ce baƙon mai wa'azi na tafe, a rufe kawai, Allah zai riƙe. A gabana ya faɗa, na kawo wa Baba abinci.

Da saukar ruwan farko bangon ya rufta kan wata mawaƙiya. Ko shurawa ba ta yi ba.

Da aka zauna bincike, dattijon ya manta ya taɓa buɗe baki. Aka ce magini ya yi ha'inci, aka sa shi horo: ba zai ƙara cin Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci a madadin jikinsa da jininsa, sai ya tsaya gaban jama'a ya amsa laifi. Masu ba shi aiki ma suka watse. Ni haushi ya hana ni zuwa coci. Shi kuwa kowace Lahadi sai ya goge takalminsa, ya je ya zauna a bencin baya kusa da tsintsiyoyi, tiren Jibi ya wuce shi kamar ba mutum a wurin.

"Baba, wai ba ka da zuciya ne?"

"Ina da ita, 'yar nan. Na dai kai ƙara inda ba a mantuwa."

Sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Da jiki ya yi tsanani, Fasto ya zo da gurasa da ɗan ƙoƙo a ƙunshe cikin farin ƙyalle.

"Baba magini, kalma ɗaya ce fa. Ka ce ka yi kuskure, ka ci, ka tafi da salama."

Na ga irin kallon da Baba ya yi wa ƙoƙon nan, kallon mai ƙishirwa. Ni mai faɗan ma sai ga ni a durƙushe ina kuka.

"Baba, ka faɗa mana! Ai Allah ya san gaskiya."

"To shi ya sa," in ji shi. "Da bakin da zan sha jininsa zan yi masa ƙarya?"

Fasto ya naɗe ƙyallensa ya fita. Baba bai ga wata Lahadin ba.

Ranar Jibi ta gaba na je, na zauna daidai gurbinsa. Dattijon ne ya kawo tire. Da ya gane ni sai ya kau da kai, ya miƙo mini tiren. Maganar da na tanada masa ta cika mini baki fal.

Ban yafe ba tukuna, ba zan yi ƙarya ba. Na dai bar ƙarar inda Baba ya kai ta, na ɗauki ƙoƙon da aka hana shi, na sha.