Kwamfutar Malam Ba Ta Da Kunya

Mijina Abdulmumin makaho ne, kuma yana koyar da kwamfuta a wata makaranta a Jega. Kullum ɗan kabu-kabu yake ɗaukarsa daga gidanmu na Maiyama, ya dawo da shi da yamma. Akwai manhaja a kwamfutarsa mai karanta masa duk abin da ke fuskarta, da wata murya kamar ta bature mai mura, wadda ke tauna Hausa kafin ta tofar. Abu ɗaya ne take masa rowa. In ya kwafi rubutu don ya liƙa a wani wuri, ba ta gaya masa abin da ya kwafa. Ta haka ya taɓa aika wa shugaban makarantarsu bayanin maganin basir a madadin jadawalin jarrabawa.

Tun daga ranar ya ɗaura ɗamara. Ya yi ta rubuta mata layukan umarni, yana gogewa, yana tsaki, tuwo na sanyi a gabansa. Rannan dai ta ji magana. Da zarar an kwafi abu, sai ta faɗe shi a fili. Ya sa aikin a intanet kyauta, ba a jima ba wani kamfani a Kaduna mai yi wa makafi manhajoji ya aiko yana son ɗaukarsa aiki, amsa kafin ƙarshen mako.

To, nan gizo yake saƙa. Malam ba zai ɗaga ƙafa ba sai da yardar mahaifiyarsa, Inna Kubura, da muke zaune tare. Shi kuwa ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In zai ci abinci, ni take ce wa, "A ba wancan." Sauran 'ya'yan fari suna duban fuskar uwa su gane inda ta dosa. Nawa mijin da me zai duba? Ya durƙusa ya gaya mata maganar Kaduna, ta ci gaba da tsinke albasar da ƙanenta ya aiko daga Aliero, ko uhum ba ta ce ba.

"Fa'iza, yaya fuskarta take?" ya tambaye ni a ɗaki.

"Kamar kullum."

"Kamar kullum ɗin yaya?"

Wallahi ya ba ni tausayi, Inna kuma ta ba ni haushi. Kunya ai da iyaka.

Haushin ne ya kai ni ga abin kunyata. Washegari Malam ba shi da aji, ya bar kwamfutar a kan tabarma a tsakar gida ya fita. Na ɗauka don in rubuta wa yayata abin da ke cina. Na rubuta, na kwafa zan liƙa a saƙo, na manta sarai da aikin Malam. Sai baturen nan ya buɗe maƙogwaro, har akuyar maƙwabta ta ɗago kai:

"Tsohuwar nan ta ƙi magana, ga miyarta kullum gishiri kamar an yi ɓari."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na danna nan, na danna can, sai ya maimaita. Inna tana bakin murhu, ludayi a hannu. Ta tako a hankali ta tsaya a kaina.

"Wa yac ce hakanga?"

"Inna, kwamfuta ce."

"Na san kwanhuta ta. Wa yas sa mata maganar a baki?"

Na sunkuyar da kai. Ina jiran faɗa, sai na ji ta zauna a gefen tabarmar.

"Ke nan dut abin da anka rubuta, hwaɗi takai? Ba ta jin nauyin kowa?"

"Ba ta ji, Inna."

"Gishirin kuwa ƙarya kika yi. Matsa min."

Ashe karatun yaƙi da jahilci da ta yi shekarun baya bai gudu duka ba. Ta sa na juya mata baya, wai kada in leƙa. Da yatsa ɗaya take farautar haruffa, tana zagin wanda ya watsa su ba bisa tsari ba. "Ina sunka kai harafin 'ba'? Mi ya kawo ta nan ƙasa?" Ta sa na rage muryar don kada baturen ya tona ta tun ba ta gama ba. Miya ta kama a tukunya, ba wanda ya kula. Da ta gama, ta rufe fuskar kwamfutar da faifai ta koma madafa.

Bayan la'asar Malam ya shigo, ya jingine sandarsa ya zauna. Daga madafa Inna ta ɗaga murya.

"Fa'iza, danna abin."

Na ɗage faifan, na ƙara murya, na kwafi rubutun Inna. Baturen ya faɗa a tsakar gida, yana tuntuɓe a kan kowace kalma:

"Abdulmumin ka tahi na yarda. Allah shi yi ma albarka. Ka riƙa zowa ina kewa."

Malam ya ce, "Wa ya rubuta?"

"Ba ni ba ce."

A madafa Inna ta kama daka da ƙarfi, alhali na san babu komai a turmin. Malam ya lalubo kwamfutar ya ɗora a cinyarsa, ya sa ta sake faɗa. Ta faɗa. Ya sake. Ni da na zo da shirin dariya, sai ga ni ina share ido da bakin zane.

"Kada ki kwafi komai a kai," ya ce. "Abu ɗaya take riƙewa, sabo yana goge na da."

Na ce ai ana iya ajiye shi a wani wuri, shi ma ya fi ni sani. Ya ce ya sani. Ya kuma dannawa.