Gwangwani na Uku

A Landan ta 1965, ranar Asabar da la'asar, lokacin shayi, kowane gida tsit yake yi idan aka sa a talabijin wasan dodannin ƙarfen nan da suka sauko daga wata tauraruwa. Yara su ɓuya bayan kujera suna leƙe. Mu huɗu ne cikin gwangwanayen da ake nunawa a matsayin dodannin, kowa a kan ɗan benci mai taya yana turawa da ƙafa, zufa har cikin takalmi. Sauran ukun, ƙasa ta rufe musu ido. Ni da ban taɓa zaman aji ba, ga ni daram, ko haƙori ɗaya ban zubar ba.

Cyril Tapsell ne a na uku. Shekara talatin yana wasan kwaikwayo, ya haddace littattafai kamar ya sha su a ruwa, amma ba a taɓa ganin fuskarsa a talabijin ba. Matarsa Doreen ce ke shan ba'ar. In ta shiga shagon soyayyen kifi, sai maƙwabciyarsu Misis Brackett ta ɗaga murya: "Doreen, wai wanne ne naki? Mai lotsewar nan? Ko tukunyar wankinki suka ara?"

Da aka zo kashi na shida, na ƙarshe, darakta ya ce za a buɗe gwangwani ɗaya, a ga ashe bawa ne a ciki, ya faɗi magana ɗaya ya mutu. Ya ba Cyril. Ranar Cyril da gudu ya je gida. Doreen ta bi layinsu ƙofa-ƙofa tana gayyata, ta aro kujeru, ta yi alkawarin kek.

A zamanin, tef ɗin ɗaukar wasa in ya fara juyawa ba a tsayar da shi. Ka yi tuntuɓe ko ka manta maganarka, haka za a nuna wa duniya. Abu ɗaya ke tsayar da shi: ashar, don ba a kai ashar cikin gidajen mutane. Duk tsohon hannu ya san wannan, balle Mista Lanyon, jarumin wasan, wanda wajen gwaji ya ga mai kwalliya tana share hawaye saboda Cyril. Lanyon kuwa wata shida bai sa kowa kuka ba.

Ranar ɗauka, aka kunna fitilu. Murfi ya buɗe. Cyril ya ɗago kai a hankali, ya dubi kyamara, ya ce, "Ku gaya wa matata ban manta hanyar gida ba." Shekara talatin, yau ta biya.

Sai Mista Lanyon ya gyara wuyan riga, ya ƙunduma ashar.

Tef ya tsaya.

"Afuwan, 'yan'uwa, harshe ne ya zame," in ji shi. "Amma tunda an tsaya, murfin nan yana cin lokaci. A bar shi a rufe. Ni sai in kara kunne, in faɗa wa jama'a abin da na ji."

"Yallaɓai," Cyril ya ce, "matata ta gayyaci..."

"Za ta ji maganarka, tsoho, daga bakin da ya iya ta. Sunkuya kar a datse maka hanci."

Darakta ya dubi agogo ya gyaɗa kai. Aka ja sakatar murfin, ita kuwa daga waje take. A cikin duhu Cyril ya ji maganarsa tana fita daga bakin wani.

Ana gamawa ƙararrawar shayi ta kaɗa, kuma a gidan talabijin ɗin nan ko gobara ba ta hana shayi. Kowa ya watse. Cyril ya ƙwanƙwasa, ya kira, ya sake ƙwanƙwasawa. Na ji shi sarai. Amma burodin tsiran alade ba ya jiran mai tausayi, shi ya sa na kai yau.

Asabar ta zo, falo ya cika. Cyril ya kasa gaya wa Doreen. Yana tsaye bakin ƙofa riƙe da butar shayi har wasa ya kusa ƙarewa.

"To, Doreen," in ji Misis Brackett, bakinta cike da kek, "ina fuskar?"

Doreen ta dangwala yatsa a gilashin talabijin. "Ga shi nan. Ko a cikin dubu na san tafiyar mijina."

Cyril ya duba. Gwangwanina ta nuna.