Dalma a Jinin Praise

Pindar bai ko tsaya kulle shago ba. Matarsa Tabitha na cewa a waya, "Baban Praise, sakamakon gwajin ya fito," ya kashe wuta, ya faɗa bayan shago da bokiti. Sau biyu ya cuɗe jikinsa da sabulu, don zumuɗi har riga ya sa a baibai.

Sana'arsa fasa tsofaffin batiran mota ce a unguwar Bulumkutu. Ya narka dalmar ciki, ya zuba ta ƙanana-ƙanana, ya sayar wa masuntan Baga su ɗaura a bakin koma. Shekara goma sha ɗaya yana shaƙar hayaƙin nan. Maganinsa kuwa irin na duk 'yan sana'ar ne: gwangwanin madara ɗaya da yamma, wai tana wanke ciki. Mutum da ƙarfin hali ke nan. Shi ya sha madara, 'yarsa Praise mai shekara uku ta sha ƙurar rigarsa, don kullum ya dawo sai ta maƙale masa a wuya. Da ta fara rama da ciwon ciki aka gwada jininta, aka ce dalma ta yi mata yawa. Ranar Pindar ya yi kuka a gaban mutane.

Wata huɗu ke nan tana shan magani, shi kuma ba ya shiga gida sai ya yi wanka ya bar kayan aiki a shago.

A cikin keke mai ƙafa uku ya ishi direba. "Taka mana, ɗan'uwa, yau ko in yi rawa ko in faɗi."

Ya tarar da Tabitha a barandar asibiti, bakinta har kunne. Ma'aikaciyar jinya, Sista Aminat, ta miƙo masa takarda.

"Dalmar ta sauka sosai. Yarinyarka ta fita daga haɗari."

Ai sai ya ɗaga Praise sama, ya yi ta juyi da ita, ga dariya ga hawaye, har masu jiran layi suka hau tafi. Murna kamar ta kashe shi. Ana cikin haka hannunsa na dama ya saki, Tabitha ta yi wuf ta tare yarinyar.

Sista Aminat ta dubi hannun, ya lanƙwashe ƙasa, yatsun na rawa.

"Yaushe ya fara yi maka haka?"

"Gajiya ce kawai, Sista."

"Tun bikin Ista," in ji Tabitha, murya ƙasa-ƙasa. "Ko cokali suɓuce masa yake yi."

Sista ta jawo kujera, ta ɓare sabuwar allura don a gwada jininsa shi ma. Pindar ya zauna, ya nemi naɗe hannun rigarsa, yatsun suka ƙi. Praise ce ta naɗe masa.