Tambayar da Lavonne Ta Ce Kada In Yi

Shekara ashirin da shida ina buga jaridar garinmu, Ƙararrawar Zeleny, duk Laraba, kuma ban taɓa ruɗin kaina cewa don daɗin rubutuna ake saye ba. Don shafi na shida ake saye. A nan nake buga duk abin da gundumar makarantunmu ta kashe a wata: man motocin ɗaukar yara, madarar kicin, fentin ɗakin wasanni, da sunan duk wanda aka biya. A watan Agusta kuwa, lokacin da albashin kowa ke fitowa, sai na ƙara kwafi ɗari biyu. Ka shiga shagon kofi ka ga manoma da tabarau a kan hanci, kowa na duba na maƙwabcinsa yana ƙwafa.

Doka ce ta tilasta wa gunduma bugawa, kuma layi-layi ake biyana, dala ɗaya da kwata kowane layi. Da wannan nake sayen takarda in biya wuta. Tallan gwanjon shanu da sanarwar rasuwa ba sa riƙe jarida a garin mutum ɗari takwas.

Mai kawo mini jerin ita ce Lavonne Kucera, akawun gunduma, 'yar kawuna. Aji ɗaya muka yi tun daga firamare, ni ce mai baki da alƙalami, ita kuwa sai ka manta tana ɗakin. Duk wata takan zo da ambulan mai ruwan ƙasa, jerin kuɗi da rahoton taron kwamitin makarantu a ciki, ta tsaya a bakin kantana har in ɗago kai. Ba zan ɓoye ba, tsayuwar nan tana yi mini daɗi. Kullum sai na tsokane ta a kan rahoton, don taron awa biyu takan dunƙule shi a layi arba'in.

"Ke dai akwai rowar kalma, Lavonne. Da kuɗin ubanki ake biya?"

Sai ta yi murmushi ta ɗauki jakarta.

Da aka fara maganar sabuwar doka, cewa kowace gunduma ta zuba lissafinta a intanet, ni ce kan gaba wajen goyon baya. Mako uku a jere ina rubutu a kai. Ban karanta dokar har ƙarshe ba, ni da nake yi wa wasu wa'azin karatu.

A watan Janairu ta fara aiki, sai ga Lavonne ta zama wata aba. Aka tura ta babban birnin jiha kwas na kwana uku, otal har da wurin iyo. Aka saya mata kwamfuta mai fuska biyu. Babbar jaridar jiha, wadda ba ta taɓa ambaton sunana ba, ta buga hotonta tana nuna allo da biro. A ƙofar coci mutane su kewaye ta: "Lavonne, ashe in ka rubuta sunan mutum duk abin da ya taɓa karɓa sai ya fito?" Ni ina gefe riƙe da kwanon salak kamar wadda ta rako baƙuwa.

Agusta ya zo, na ƙara kwafi ɗari biyu kamar kullum. Ɗari da sittin suka dawo mini a ɗaure. Kowa ya riga ya ga albashin kowa tun Litinin a intanet, a shafin Lavonne. Haka ma suke kiransa, shafin Lavonne, sai ka ce gadonsa ta yi. Kishi ne ya kama ni, irin mai hana cin abinci, kuma na san sunansa sarai, amma na raɗa masa aikin jarida.

Farkon Satumba ta shigo da ambulan ɗinta da faranti na kolache, burodin nan mai cikin busasshen 'ya'yan itace da kakarmu ta koya mana tare. Nata ya fi nawa laushi, wannan ma wani abin haushi ne.

"Manyan gari!" na ce. "Yau an tuna da talakawa? Ina mai ɗaukar hoton naki?"

"Kai, Doreen, ba kya gajiya."

"Ina da tambaya ga kwamiti ranar Litinin. Ina so a faɗa wa jama'a nawa wannan shafin naki ya ci. Da kwas, da otal, da kwamfuta mai ido biyu."

Murmushin ya bar fuskarta. Ta ajiye farantin a hankali.

"Don Allah kada ki yi wannan tambaya a gaban kwamiti. Ki zo ofis gobe, in nuna miki komai har rasit."

"Au! Ashe akwai abin ɓoyo?"

"Ki dai bari, 'yar uwa."

"Ke da kika shanya asirin kowa a rana, naki ne ba a taɓawa?"

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ni kuwa har rawa na taka a bayan kantana. A fitowar wannan mako na sa manyan baƙaƙe a shafin farko: NAWA SHAFIN YA CI? KU ZO KU JI.

Taron kwamiti a ɗakin karatun makaranta ake yi, ƙarfe bakwai, kuma yawanci ni kaɗai ce 'yar kallo. A ranar kuwa, mutum talatin da wani abu suka zo, ƙarti a kan kujerun yara, gwiwa har haɓa. Shugaban kwamiti, Eldon Ruzicka, manomin masara ne da ba ya gaggawar magana kuma ba ya son a kashe ko sisi. Da ya ba ni dama na miƙe, na gyara murya, na yi tambayata dalla-dalla.

Lavonne ba ta dube ni ba. Ta danna kwamfuta, lissafin ya hau bango. Shekarar farko, da kwas da na'ura da komai, dala dubu uku da ɗari tara. Daga nan kuma ɗari tara a shekara.

"Dubu uku da ɗari tara!" na ce, ina juyowa wajen jama'a. "A makarantar da rufin kicin ke yoyo! Don dai a sa hoton mutum a jarida?"

Aka fara guna-guni. Wallahi na ji sanyi a raina.

Eldon ya cire hularsa ya sosa kai.

"Gaskiya Doreen ta kawo magana," ya ce. "Ya kamata mu san abin da sanar da jama'a ke ci mana gaba ɗaya. Lavonne, ɗan akwatin nan da ake rubuta suna, rubuta mana Ƙararrawa."

Ta rubuta da yatsa ɗaya, a hankali. Sai ga shi a bango, baƙaƙe manya-manya: dala dubu bakwai da ɗari uku da arba'in, abin da gunduma ta biya jaridata a shekara guda. Ni kaina ban taɓa ganinsa a dunƙule ba. A shafina ɗari shida-shida yake fitowa, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da na fi ƙanƙantawa.

Wani daga baya ya yi fito.

"To," Eldon ya ce, "ita sabuwar dokar, ta ce dole mu ci gaba da bugawa a jarida?"

Lavonne ta shiga gyara takardun da ke gabanta.

"Ke nake tambaya, Lavonne."

"Tun Janairu ba dole ba ne. Shafin ya wadatar."

"Kin san da haka?"

"Na sani. Ba wanda ya tambaye ni."

Wata tara ke nan tana ɗauko ambulan tana tsayuwa a bakin kantana ina yi mata ba'a. Aka kaɗa ƙuri'a a kan daina bugawa a jaridata, hannu biyar suka tashi, babu ko ɗaya da ya tsaya mini. Eldon ya ce da Lavonne ta same shi bayan taro, da muryar da yake yi wa yaransa faɗa. A bakin ƙofa na ji mata biyu suna cewa, "Kin ga 'yar halak, ta yi ta rufa wa 'yar uwarta asiri." Ko a faɗuwata ma ita aka yaba.

Washegari da hantsi ta shigo, idanunta a kumbure. Ta ajiye ambulan, na ƙarshe, don kwamiti ya ce a buga na wannan wata a rufe. Na ji ya yi nauyi. Na buɗe, rahoton taro shafi tara. Ba ta bar komai ba: wanda ya yi tari, wanda ya nemi a buɗe taga, da kowace kalma da ta fito daga bakina, har da "don dai a sa hoton mutum a jarida." Idona na aiki ya ƙirga tun kafin in hana shi. Layi ɗari huɗu da goma sha biyu.

"Kin daɗe kina cewa ina rowar kalma," ta ce. "Zai kai ki ƙarshen Oktoba da kuɗin takarda."

Na so in yayyaga shi in watsa mata. Na so a ce ni ce mai halin yin irin wannan, ita ce a bayan kantana tana karɓa. Ban ce mata na gode ba, ita ma ba ta jira ba.

Ranar Laraba na buga shi duka a shafi na shida, ban cire ko waƙafi ba. Maganata kaɗai ta ci layi talatin da takwas, dala ɗaya da kwata kowane layi.